A ware wa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na mata kuɗin gina wasa, ba na nuna shi kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan abin da ke damun duk wanda ya san harkar dandamali. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mata za ta taso da ƙarfinta, ta yi wasa ɗaya ko biyu, a tafa mata, daga nan a daina jin ɗuriyarta. In ka tambaya sai a ce rashin kuɗi ne, ko mazaje ne suka hana, ko fim ne ya cinye kasuwa. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma abin da ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne ba su da hanyar samar da sabon wasa. Na farko yakan fito da zafin nama da ɗoki. Na biyu kuwa sai an san yadda ake gina shi, kuma wannan aikin ne ba wanda yake biyan kuɗinsa.

Misalin da ya fi dacewa a duba shi ne na ƙungiyar Sistren ta birnin Kingston a ƙasar Jamaika. An kafa ta a 1977. Matan da suka kafa ta ba 'yan jami'a ba ne, ma'aikata ne a wani shirin samar da aikin yi na gwamnatin Michael Manley, inda da yawansu suka fara da sharar titi. Sun nemi taimakon Honor Ford-Smith daga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasar, suka shirya ɗan gajeren wasa a kan mata masu aiki a masana'antar ɗinki. A 1978 suka fito da Bellywoman Bangarang, a kan 'yan mata da ɗaukar ciki, wanda suka gina daga abin da ya faru da su kansu. A 1981 suka yi QPH, bayan gobarar gidan gajiyayyu na Eventide ta watan Mayun 1980, wadda ta hallaka tsofaffin mata fiye da 140. Ba wanda ya miƙa musu rubutaccen wasa. Hanya suke da ita, kuma da harshen da talakan Jamaika ke magana suka yi wasanninsu, ba da Turancin makaranta ba. Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin tun ƙarshen shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yake fita ƙauyuka yana gina wasa daga bakin manoma. Abin da ya rage shi ne mata su riƙe hanyar da hannunsu, a ƙungiyar da su ke da ita.

Ana farawa ne da zaman labari, kuma nan ne ake yawan yin kuskure. A tara mata takwas zuwa goma sha biyu. In sun gaza takwas labaran za su yi kama da juna, in sun wuce sha biyu masu kunya ba za su buɗe baki ba, mutum uku masu baki su cinye zaman. Kada a ce musu "yau za mu tattauna matsalar auren wuri". Da zarar an faɗi haka kowace za ta maimaita abin da ta ji a rediyo. A yi tambaya ƙarama mai kama ƙasa: ranar da aka fara aikenki talla me kika ɗauka, nawa kika sayar, wa ya karɓi kuɗin? Daren da aka kai ki ɗakin miji wa ya kwana da ke? Ranar da aka raba gadon mahaifinku ina kike zaune? Irin wannan tambaya ce take fito da abin da dandamali ke buƙata, wato wuri, da mutum, da abin da ke hannunsa, da maganar da ya faɗa. Zama ɗaya kada ya wuce awa biyu, kuma a yi kamar shida zuwa takwas kafin a ce an samu abin aiki.

Dole ne a yi yarjejeniya tun zaman farko cewa abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma ba labarin da zai hau dandamali sai da yardar mai shi. Ko ta yarda, a sauya suna, da unguwa, da sana'ar miji, da yawan 'ya'ya, sannan a haɗa labarin mutum biyu ko uku a jikin mace ɗaya. Dalili a fili yake. Garuruwanmu kowa ya san kowa. In 'yar kallo ta gane cewa uwar mijin da ake kwaikwaya ita ce ta gidan wane, kafin a watse labari ya isa gidan, kuma wadda ta ba da labarin ita za ta kwana a ciki. Ƙungiya tana iya rasa 'yar wasa da yardar iyalinta a dare ɗaya saboda wannan sakaci. Game da naɗar murya a waya kuma, a nemi izini kowane zama, a ajiye a waya ɗaya tak, a goge bayan an kwafe a takarda. Kada a tura shi zauren WhatsApp na ƙungiya ko da wasa.

Bayan labari sai a tashi tsaye. A ɗauki guntun labari ɗaya, a ba mata biyu ko uku, a ce su buga shi nan take ba tare da rubutu ba, minti uku zuwa biyar. Mai labarin kada ta fito a matsayin kanta. A ba ta matsayin wadda ta ɓata mata rai, kishiyar ko uwar mijin ko malamar asibitin. Wannan yana kare ta daga sake shiga ɓacin ran, kuma yana tilasta ta ta nemo hujjar ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ke hana wasa zama ƙarar da aka shigar gaban alƙali. A buga fitowa ɗaya sau uku ta fuska daban: sau ɗaya yadda ya faru, sau ɗaya a sauya wadda ta fi ƙarfi a wurin, sau ɗaya kuma a hana su magana sai motsi. Mutum biyu su zauna gefe da littafi, ɗaya tana rubuta maganganun da suka yi daɗi kalma da kalma, ɗaya tana rubuta abin da aka yi da jiki, wa ta zauna, wa ta juya baya, wa ta ajiye tsintsiya. In ba a rubuta nan take ba, washegari an manta, kuma abin da za a sake yi ba zai kai na jiya ba.

Daga nan sai aiki ya koma hannun mutum ɗaya. Mun san wasu za su ce ai ƙungiya ce, kowa ya sa hannu. Kowa ya sa hannu a tara kaya, amma zubi da tsari sai mutum ɗaya, in an matsa biyu. Wasan da mutum goma suka rubuta yakan fito da farko goma ba ƙarshe ko ɗaya, saboda ba wadda za ta yarda a yanke fitowarta. A ba marubuciya mako huɗu zuwa shida ta kawo daftarin farko. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta amsa tambaya uku: wace ce tauraruwar, me take so ƙwarai da gaske, me ya tare mata hanya? In amsar ta biyu ita ce "tana son a daina zaluntar mata", to ba a samu wasa ba tukuna. In amsar ita ce "tana son ta karɓo keken ɗinkinta daga gidan tsohon mijinta kafin sallah", an samu.

Ga ma'aunin da zai taimaka mata. Shafi ɗaya na magana yakan ci minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a dandamali, ban da waƙa da rawa. Wasan awa ɗaya ke nan shafi 40 zuwa 50, a raba shi fitowa takwas zuwa sha biyu. Sabuwar ƙungiya kada ta wuce awa ɗaya. 'Yan wasa biyar ko shida sun isa, kowace ta ɗauki matsayi biyu ko uku. Wasan da ke buƙatar mutum ashirin ba ya zuwa ko'ina, domin kuɗin motarsu kaɗai ya isa ya kashe shi, kuma ba ranar da za su hallara gaba ɗaya wurin gwaji. Wuraren da labari ke faruwa kada su wuce uku, kuma a iya nuna kowanne da abu ɗaya: tabarma da turmi tsakar gida ne, benci asibiti ne, buzu da allo zaure ne.

A bar kowace ta yi magana da karin harshenta. Basakkwaciya ta yi Sakkwatancinta, Bazazzagiya ta yi nata. Marubuta da yawa in sun zauna rubutu sai su mayar da maganar tsakar gida ta koma irin ta labaran ƙarfe bakwai, habaici da zambo da gatse duk su zube. Alhali ƙarfin maganar mata a nan yake. Abin da kishiya za ta faɗa wa kaza tana nufin abokiyar zamanta ya fi shafi biyu na bayani.

Sai tambayar da ake yawan yi mana: wa zai fito a matsayin namiji? Mata. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa, a tashe kuma yarinya ce take sa riga da hula ta fito a matsayin Daudu. Hula da babbar riga da yanayin zama sun wadatar. Kada a liƙa gemun auduga, kada a ƙaƙalo murya mai kauri, domin da zarar 'yan kallo sun fashe da dariyar shigar, duk maganar da mijin zai faɗa ta zama abin dariya, ko da saki ne yake furtawa. A koya wa 'yar wasa yadda namiji ke cin wuri in ya zauna, da yadda yake magana ba tare da ya dubi wadda yake yi wa ba. Wannan ya fi gemu aiki.

Matakin da aka fi tsallakewa, kuma wanda muka fi so a kula da shi, shi ne karatun gwaji. In daftari ya zo, kada a fara haddace shi. A zauna da'ira a karanta da baki daga farko har ƙarshe ba tsayawa, marubuciya tana saurare ba ta karanta komai, ba ta kuma kare kanta. Wata ta riƙe agogo tana rubuta tsawon kowace fitowa. Duk inda 'yar wasa ta yi tuntuɓe a jimla a sa alama, domin galibi laifin jimlar ne, ba na bakinta ba. Marubuciya ta koma ta yi gyara mako biyu. Sannan a gayyato mutum 20 zuwa 30 a karanta musu a tsaye, takarda a hannu, ba sutura ba kwalliya. A zaɓo su da gangan: dattijuwa, budurwa, ungozoma, malamar Islamiyya, 'yar kasuwa, da wadda ta san harkar da wasan ya taɓa, in gado ne a samo wadda ta san rabon gado. Kada a cika wurin da ƙawaye, su yabo kawai za su yi.

Bayan karatu kada a tambaye su ko wasan ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. A tambaye su: wa ya fi tsaya muku a rai? A ina hankalinku ya tafi wani wuri? Me kuka ji wanda kuka ce a'a, ba a yin haka a gidan Bahaushe? Me kuke zaton zai faru bayan an rufe? Kuma a sa mutum ɗaya ta zauna ta fuskanci 'yan kallo tun daga farko, tana lura da lokacin da aka fara duba waya ko gyara mayafi. Abin da jikinsu ya nuna ya fi abin da bakinsu zai faɗa gaskiya. In mutum ɗaya ta soki wuri, ra'ayinta ne. In biyar suka soki wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, amma maganin da za su bayar yawanci ba shi ba ne. Sau da yawa in fitowa ta bakwai ta yi sanyi, ciwon yana fitowa ta biyu, inda ba a dasa abin da zai sa a damu ba. Wasa mai kyau yakan sha gyara uku ko huɗu kafin a fara haddace shi.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a duniya sun mayar da wannan mataki ginshiƙin aikinsu. Women's Project da Julia Miles ta kafa a New York a 1978, wadda yanzu ake kira WP Theater, tana ɗaukar marubuta da daraktoci da masu shirya wasa ta riƙe su shekara biyu suna aiki tare kafin a nuna abin da suka gina. Clean Break ta Ingila, wadda mata biyu da suka haɗu a gidan yarin Askham Grange suka kafa a 1979, takan ba marubuciya aikin sabon wasa, ta haɗa ta da matan da suka san zaman kurkuku kafin ta rubuta. Ba kuɗinsu muke cewa a kwaikwaya ba, ba mu da shi. Tsarin ba wa wasa lokaci muke nufi.

Gwajin dandamali kansa mako huɗu zuwa biyar ya isa, sau uku a mako, awa biyu zuwa uku. A sa lokacin da ya dace da rayuwar matan, misali bayan yara sun tafi makaranta zuwa kafin azahar, ko ranakun Asabar da Lahadi. Wanda ya sa gwaji bayan la'asar ya shirya rasa rabin mutanensa saboda girkin dare. A tanadi mai kula da yara a wurin, a biya ta, a sa kuɗinta cikin kasafi kamar yadda ake sa na janareto. Kowane babban matsayi a samu mutum biyu da suka haddace shi, domin haihuwa da rasuwa da biki ba sa duba ranar wasa. Mako na uku a ajiye takarda. Gwaji biyu na ƙarshe a yi su a ainihin wurin da za a nuna, da sutura da komai, saboda muryar da ta cika ɗaki takan ɓace a fili. In 'yan kallo ba su wuce ɗari ba gara a horar da murya a bar makirfo, domin makirfo ɗaya da ake miƙa wa juna yana kashe wasa.

Maganar iyali kuma a yi ta da wuri. Shugabar ƙungiya da wata dattijuwa da ake ganin girmanta su je gidan kowace 'yar wasa tun kafin a raba matsayi, su faɗi wurin gwaji, da lokacin tashi, da irin 'yan kallon da za a nuna wa. Nunin farko a yi shi na mata zalla, a makarantar 'yan mata ko babbar tsakar gida, a gayyaci iyaye da surukai. Wadda ta ga abin da idonta ita ce za ta kare shi a gida. A Kano, kafin a buga sanarwa ko a sayar da tikiti, a tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda ke aiki tun 2001, a ji abin da take buƙata. Sauran jihohi a tambayi hukumar al'adu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mafi yawan kuɗin da ke shigowa harkar nan daga ƙungiyoyin ba da tallafi yake, kuma suna zuwa da saƙonsu a rubuce: rigakafi, tsafta, rajistar zaɓe, a yi wasan minti 20 nan da mako biyu. Ba laifi ba ne a karɓi irin wannan aiki, yana kawo kuɗin mota. Laifin shi ne ya zama shi kaɗai ne aikin. Wasan da aka san ƙarshensa tun kafin a san mutanen cikinsa talla ne, 'yan kallo kuma suna gane talla tun fitowa ta farko. Sistren ma ba ta tsira daga wannan ba. Honor Ford-Smith ta yi nazari a 1989 a kan yadda tallafin waje ya shafi ƙungiyar, ta nuna cewa masu ba da kuɗi sun fi son biyan ayyuka masu gajeren wa'adi a kan abin da zai tsayar da ƙungiya da ƙafarta, kuma aikin rubuta rahoto da lissafi ya ƙara wa masu ilimin boko ƙarfi a kan sauran. Wannan na biyun a kula da shi sosai. A ƙungiyar da mutum biyu kaɗai ke iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci, ba a jimawa sauran su koma 'yan aiki. Maganinsa shi ne a riƙa karanta lissafin kuɗi da Hausa a gaban kowa duk wata, ma'aji ta zama daban da shugaba, kuma a cire kuɗi da sa hannun mutum biyu.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce duk kuɗin da ya shigo a cire kashi ɗaya cikin biyar a ajiye shi domin sabon wasa kaɗai, ko da ta hanyar adashi ne. Ga masu ba da tallafi kuma, in za ku biya kuɗin wasa, ku ware sulusin kasafin ga watanni ukun farko da ba a nuna komai: alawus na zaman labari, ladan marubuciya, kuɗin buga daftari, da shayin karatun gwaji. Daga zaman farko zuwa daren nuni a ƙiyasta wata biyar zuwa shida.

Kada a manta da takardar mallaka. Tun kafin nuni a rubuta a shafi ɗaya wa ke da wasan, sunan wa zai fito a matsayin marubuciya, yadda za a ambaci waɗanda suka ba da labari da waɗanda suka buga shi nan take, da kason kowa in wani ya zo yana son mayar da shi fim ko shirin rediyo. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba za ta raba gardamar da ba a rubuta komai a kanta ba. Rigimar irin wannan ba ta tashi sai wasa ya karɓu, lokacin da kowa ke ganin da guminta aka yi. Haka kuma a ajiye kwafin ƙarshe mai ɗauke da duk gyaran da aka yi a dandamali, ɗaya a takarda ɗaya a kwamfuta, da hoton bidiyo na nuni guda. Wasannin mata da yawa sun ɓace ne saboda suna cikin kan mutum shida kawai, aure ya raba su gari daban-daban.

Roƙonmu biyu ne. Hukumomin al'adu na jihohi da sassan wasan kwaikwayo da na Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi su ba irin waɗannan ƙungiyoyi aron ɗaki mai ƙofa sau uku a mako kyauta, da malama ɗaya da za ta zauna karatun gwaji. Ita kuma wannan jarida, Malam Edita, ta ware rabin shafi sau ɗaya a wata ta buga fitowa guda daga sabon wasan da wata ƙungiyar mata ke ginawa, tare da sanar da rana da wurin da za a yi karatunsa.

Wassalam.

Daga wasu malamai da masu shirya wasan dandamali,
Zariya, Jihar Kaduna.